Ilyasu Ya Raba Gadonsa da Fenti

Duk wanda ya ce maka Ilyasu mugun mutum ne, ƙarya yake yi. Shekara ashirin da biyar katangarmu ɗaya a Sabon Gari, nan Maraɗi. Ni Jibo ina ɗinki a zaurena, shi yana sayar wa 'yan kabu-kabu tayoyi da kayan gyaran babur a wani ɗan butik da in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya fito. Ba ya sata, ba ya zagi. Ciwonsa guda ne, baki. In ka ce ka je Damagaram a mota, shi ya taɓa zuwa Agadas a ƙafa. In ka ce zazzaɓi ya kayar da kai, shi nasa sai da likitoci uku suka taru suna mamaki. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Mai Tsari, kuma har yau ban ji wanda ya kira shi da sunan ba in ba shi ba.

Abin ya faro a fadarmu ta shayi, ranar da muke hirar gadon wani babban Alhaji mai manyan motoci. Shekara uku da rasuwarsa 'ya'yansa na kai da kawo gaban alƙali, motocin na tsaye bakin gudoro, wato titin kwalta, tayoyi sun sace, har kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu.

Ilyasu ya kurɓi shayi ya girgiza kai. "Rashin tsari ne kawai. Ni in na mutu, kahin ku gama cin gumbar sadakar uku an gama raba gadona. Ba alƙali, ba hayaniya. Testama zan rubuta, wasiyya irin ta Nasara, in ƙara da wata dabara tawa da ko Nasaran ba su san ta ba."

Na ce, "Ilyasu, mi gare ka da za a raba?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Jibo, kai tela ne. Iyakar hankalinka daga wuya zuwa idon sawu."

Aka kwashe da dariya, na haɗiye. Amma duk wanda ke zaune a wurin ya san abin da Ilyasu bai faɗa ba. Mahaifinsu, Malam Sha'ibu, ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, ya bar garka guda a Jiratawa, bakin kanal na ban-ruwa, inda ruwa ba ya yankewa rani da damina. 'Ya'ya biyu ya bari, Ilyasu da ƙanwarsa Tahira da ke aure a Tsibiri. Kashi ɗaya cikin uku na garkar nan nata ne, kuma ba a taɓa raba ta ba. Ilyasu ke noma albasa a ciki, shi ke ci.

Tahira ba ta taɓa magana ba sai da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da 'yar gonar hatsi da ba ta kai su watan azumi. Tun daga nan, duk shekara bayan kaka sai ta zo, da wani ɗanyen sanda a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Yaya, maganar garka." Shi kuma ya ce, "Bayan salla." Wace sallar, Allah kaɗai ya sani. Sandan kuwa, Ilyasu ya ce na korar karnukan hanya ne. Sau shida ana haka, bana ce ta bakwai, kuma lokacin zuwanta ya kusa.

Washegari na ga mutumin ya dawo daga babbar kasuwa da gwangwanin fenti huɗu, da buroshi, da kaye sabo, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik uku. Ya tsaya ƙofar zaurena don kada in mutu ban ji ba.

"Ga dabarar. Ja na ɗana Abdulrazak, kore na ɗiyata Hidaya, shuɗi na Atika, fari na masallaci. Kowane abu na mallaka in sa mishi alama. Ranar da na cika, kowa shi duba launinshi shi ɗauka. Ko makaho ba shi ɓata."

"Makaho na ganin launi?"

"Kai dai ci gaba da ɗinkinka."

Matarsa Atika ta tafi suna tun da safe, saboda haka ya samu gida shi kaɗai. Da la'asar ta dawo. Ni ina jin komi ta kan katanga, kuma ba zan yi ƙarya in ce na toshe kunne ba. Sai na ji salati mai tsawo.

"Baban Hidaya! Mi ya samu firigona?"

"Na Abdulrazak ne yanzu. Wato in na mutu."

"Firigon da nake saida ƙanƙara da zoɓon bisab? Gadon kwanana fa, wa ya shafa mishi kore?"

"Na Hidaya ne. Kar ki damu, ban manta da ke ba. Dubi can."

Sai ta ce, a hankali, "Turmi ka ba ni?"

"Da taɓarya."

Na zaci za a yi tashin duniya. Ina! Atika mace ce mai sanyin baki da zafin ciki. Cewa ta yi, "To, madalla. Ci gaba da shafawa, Allah shi ba da lada." Ni da na san ta, nan na fara jin tausayinsa.

Saura awaki. Awaki uku ne a gidan, jajaye tas, irin namu na Maraɗi. Ya shafa wa babbar jan fenti, bai fito ba. Ya ƙara, bai fito ba. Mai Tsari bai ce bari in ba Abdulrazak wata ba, ko in sake launi. A'a, sai ya fara shafe gefen akuyar da fari tukuna, wai don jan ya samu wurin zama. Akuya ta ji sanyin abu a jikinta, ta fizge igiya, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta fito waje. Duk ƙofofin Sabon Gari ba ta ga wadda ta yi mata ba sai tawa. A zaurena akwai babbar riga ta shadda, fara sol, ta wani ango, na gama aikinta na rataye. Akuyar nan ta je ta goga jikinta daga hannun dama zuwa na hagu, kamar an aiko ta.

Na fito da rigar a hannu. "Ilyasu! Dubi! Dubi abin da tsarinka ya yi!"

Ya duƙa ya duba da kyau. "Ja da fari," in ji shi. "To wannan rabi na Abdulrazak, rabi na masallaci."

Wallahi da ba a riƙe ni ba, da ranar aka raba gadon da gaske.

Kwana na biyu ya fito da tsani ya zana wa katangar gidan jan kuros, wato layi biyu a gicciye, babba, daga sama har ƙasa. To, kowa a garin nan ya san in aka wayi gari da jan kuros a katanga, hanya za a fitar, rusau na tafe. Fadila mai waina ce ta fara gani. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, ta kwashe tandarta da wutar a ciki ta koma bayan masallaci. Kafin azahar layinmu ya kaɗe. Maƙwabcinmu Inusa, da ba ya jiran a gama magana, ya hau ɗakinsa ya fara cire kwanon rufi don kada katafila ta lalata masa. Ya cire bakwai kafin Ilyasu ya fito yana sakace haƙori.

"Lahiya kuke ta gudu? Alamar Abdulrazak ce."

Inusa ya leƙo daga sama da guduma a hannu. "Alamar wa?"

"Rabon gado nake."

Abin da Inusa ya faɗa ba zan maimaita ba, don akwai mata a masu jin labarin nan. Fadila kuwa ta dawo da tandarta, ta tsaya tana kallon Ilyasu da ido cike da tausayi. Ta ce mutum lafiyayye ba ya raba gadonsa, lalle likita ya gaya masa wani abu. Ta faɗa wa mai sayen waina na farko. Wainar Fadila kuwa har daga wasu unguwanni ake zuwa saye.

Kafin kwana biyu Maraɗi ta san Ilyasu na kan gargara. Aka fara zuwa dubiya. Wannan ya kawo lemu, wancan ayaba, wata ta kawo kaza soyayya. Mutumin kirki zai ce, jama'a lafiyata lau. Ilyasu da ya ga kaza sai ya shimfiɗa katifa a tsakar gida ya ja bargo.

Na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Gwaji ne, Jibo. Yana cikin tsarin. So nake in ga wa ke ƙaunata."

Ni da Inusa muna zaune gefensa, ba don ƙauna ba, don dai mu ga ƙarshen abin, sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Tahira ce daga Tsibiri. Ta shigo ko takalmi ba ta cire daidai ba, mayafi na jan ƙasa, ƙwaryar fura a hannu ɗaya, sandanta a ɗaya. Duk masu dubiyar nan, ita kaɗai na ga tana kuka na gaskiya, har numfashinta na sarƙewa. Ta zube gefen katifa ta kama ƙafarsa.

"Yaya! Kai kaɗai ka rage mini. Yaya, kar ka tahi."

Ilyasu ya lumshe ido ya yi wani nishi.

Ta share hawaye ta dube mu. "Malam Jibo, Malam Inusa, ku zama shaida. Ba ni son shi je gaban Allah da nauyina a wuyanshi. Maganar garkar nan ta Jiratawa, ni dai na..."

Maza biyu na zaune, in ta ce ta yafe, shi ke nan, garka ta tafi, yaranta huɗu sun tashi a tutar babu. Na duba Ilyasu, na ga ya buɗe ido ɗaya yana jira. Ban san lokacin da Atika ta fito daga madafa ba. Hannu ɗaya ta sa ta yaye bargon.

Ga faranti a kan cikinsa. Ga rabin kaza, ga yaji, ga cinya a hannunsa an gatsa.

Tahira ta dubi kaza, ta dubi yayanta. Hawayen suka tsaya cak.

"Yaya, ashe da sauranka."

"Da sauƙi dai," in ji shi. "Yau ne na ɗan samu bakin cin abinci."

"Alhamdu lillahi. To, Yaya, maganar garka."

Ya tashi zaune yana goge baki. "Ran Lahadi da hantsi za a karanta testamata gaban liman da mai unguwa. Ki zo ki ji tsari."

"Sunana na ciki?"

"Ke dai ki zo."

Atika ta karɓi ƙwaryar furar ta ce, "Ki zo, Tahira. Ki taho da sandanki."

Ran Alhamis ya ɗaure gwangwanaye da turaku da igiya a bayan babur ya nufi Jiratawa don ya sa wa garka alama. Wannan ban gani da idona ba, Baba Idirisa ne ya ba ni labari, tsohon da garkarsa ke iyaka da tasu, abokin marigayi Malam Sha'ibu. Ashe labarin da ya bar Maraɗi yana gargara, kafin ya isa Jiratawa ya cika, har an yi masa addu'a a masallaci. Shi kuma da ya sauka daga gudoro ya shiga rairayi, babur ya yi tsalle, murfin farin fenti ya ɓalle, gwangwani ya juye masa tun daga hula har gadon baya. Ya sa hannu ya share fuska, ya ƙarasa shafe ta.

Haka ya shiga cikin garake da rana tsaka, fari fat, yana ɗaga wa mutane hannu. Mata masu tsinkar zogale suka watsar da kwanduna. Wani mai ban-ruwa ya faɗa kanal da gangan. Baba Idirisa ne kaɗai bai gudu ba, shi ma don gwiwa ce ta hana. Ya ɗaga hauya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

"Tsaya nan! In saƙo gare ka, faɗe shi daga nan!"

"Baba Idirisa, ni ne, Ilyasu!"

"Na san kai ne, shi ya sa nake jin tsoro!"

Sai da ya ga fatalwar na tari tana tofar da fenti sannan ya sauke hauya. Ya zauna yana kallo, Ilyasu ya ja igiya, ya kafa turaku, ja nan, kore can, shuɗi a lungu, fari bakin hanya. Da ya gama tsohon ya ce, "Na ga na ɗanka, na ga na ɗiyarka. Ina launin Tahira?"

"Launi huɗu na samu a kasuwa."

"Ikon Allah. Kasuwar Maraɗi guda?" Tsohon ya jinjina kai. "Yaushe ka ce za a karanta takardar?"

Ran Lahadi aka kafa rumfa a ƙofar gida. Ilyasu ya yi hayar kujeru da lasifika, ya gayyato duk 'yan kabu-kabun da ke sayen taya wurinsa, babura sun fi ashirin a jere. Har hatimi ya sa aka sassaƙa masa mai sunansa da Mai Tsari a ƙasa. Ya fito cikin babbar riga, da sauran farin fenti a cikin kunnuwa. Liman Malam Salim na zaune gaba, mai unguwa na gefensa. Mata na daga zaure, Tahira a cikinsu. Baba Idirisa ya zo tun da sassafe ya kama kujerar gaba.

Malam Salim mutum ne mai haƙuri. Ya fara da nasiha, ya ce rubuta wasiyya abu ne mai kyau, kowa ya kamata ya yi. Amma rabon magada Allah ya riga ya yanka, ba a rubuta musu wasiyya, kuma abin da mutum zai ba masallaci ko wani bare ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ya ƙara da cewa, "Sannan, Malam Ilyasu, wa ya ba ka labarin kai za ka riga su tahiya?"

"Allah gafarta Malam, bari dai ka ji tsarin. Kai ma sai ka roƙe ni in ara maka."

"To, karanta. Sharaɗi guda, duk abin da ka ambata sai an tabbatar naka ne. Ba a wasiyya da kayan wani."

Ilyasu ya yi murmushi, ya busa lasifika sau biyu. "Ni, Ilyasu ɗan Sha'ibu, Mai Tsari, cikin hankalina..."

"A rubuta wannan ma sai an tabbatar," in ji Inusa daga baya.

"Na ɗaya, firigo."

Muryar Atika ta fito daga zaure, a natse. "Malam, da adashena na saye shi. Fadila ce uwar adashen."

"Ƙwarai kuwa!" in ji Fadila.

Liman ya ce, "A cire firigo."

"Na biyu, gado mai rumfa da katifa."

"Kayan ɗakina ne, babana ya yi mini."

"A cire."

"Na uku, awaki uku."

"Uwarsu innata ta ba ni ranar sunan Hidaya."

Na miƙe na ce, "Malam, ni ina da magana da babbar cikinsu." Aka zaunar da ni.

Gumi ya fara tsattsafo wa Ilyasu. Ya juya shafi da ƙarfi. "Na huɗu, turmi da taɓarya, na bar wa matata Atika."

"Na gode," in ji Atika. "Na Fadila ne, aro na yi."

Rumfa ta kece da dariya. Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ilyasu ya ɗaga murya har lasifika ta yi ƙara.

"Na biyar, gida! Gidan ga da kowa ya sani, gidan Ilyasu!"

Wannan karon Atika ta fito bakin zaure, ta gyara mayafi. "Malam, gidan ga gadon ubana ne. Mai unguwa na nan, shi ya sa hannu. Yayyena maza uku ne, amma ba a yi sadakar arba'in ba sai da suka kira ni suka ce, Atika, ga naki." Ta faɗi wannan tana kallon mijinta, ba liman ba.

Mai unguwa ya ce, "Haka aka yi."

"Kwanon rufin fa?" in ji Ilyasu. "Wa ya sa kwanon?"

"Kwano naka ne, Baban Hidaya. Shi ke zuba da damina."

Wani ɗan kabu-kabu ya faɗo daga kujera don dariya. Ni kaina na yafe rabin shaddar a lokacin. Amma Ilyasu bai mutu ba tukuna. Ya gyara hula, ya daki kaye da bayan hannu, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ku yi dariya. Duk waɗannan tarkace ne. Ga dukiya nan tafe. Na shida, garkata ta Jiratawa, bakin kanal, wadda albasarta guda ke cika kwano! A nan kuma sai in ji wadda za ta ce adashe."

Malam Salim ya ce, "Madalla. Saye ka yi?"

"Gadon ubana ne!"

"Allah shi jiƙan Malam Sha'ibu. Ku nawa ya bari?"

Lasifikar na bakinsa, saboda haka duk layin ya ji yadda ya haɗiye yawu.

"Malam Ilyasu, ku nawa?"

Baba Idirisa ya dogara hannu a gwiwa ya miƙe. "Biyu ne, Malam. Ni na yi mishi wanka. Ga ɗayar can cikin zaure."

Tahira ta fito da sandanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ta saba, ta ce, "Yaya, maganar garka."

Na rantse bakinsa ya buɗe zai ce bayan salla. Na ga leɓɓansa sun haɗu. Sai ya dubi rumfar da ya kafa da kansa, ya ga liman, ya ga mai unguwa, ya ga shaidu sun fi hamsin, duk shi ya gayyato su.

Malam Salim ya ce, "Kai da ba ka raba na ubanka ba, kake raba naka? Amma ka yi abin kirki, ka tara duk wanda ake bukata. Igiyar awo na nan?"

"Tana bayan babur," in ji Atika.

"To, mi muke jira?"

Ban taɓa ganin ayari irin na ranar ba. Babura ashirin da wani abu, liman a bayan ɗaya yana riƙe da rawani, mai unguwa a bayan wani, Fadila ta bar tanda ta bi mu, Inusa da gudumarsa wai ko za a bukata. Ilyasu aka sa gaba, tunda shi ne mai tsari. Mutanen Jiratawa da suka hango shi da jama'a a bayansa, wasu suka ce ga shi nan ya dawo, wannan karon da masu kai shi.

Aka tumɓuke turakunsa masu launi. Aka ja igiya tsawo da faɗi, aka kasa garka uku daidai. Liman ya ce ko a yi ƙuri'a. Baba Idirisa ya ce, "Wace ƙuri'a? Shekara sha tara shi ke zaɓe. Yau a bar yarinya ta zaɓa." Liman ya dubi Ilyasu. Ilyasu ya dubi jama'a, ya ce ai dama abin da zai faɗa ke nan.

Tahira ta taka a hankali ta wuce kashi na farko, ta wuce na biyu, ta tsaya a na bakin kanal, inda wani tsohon mangwaro yake.

"Nan ne albasa ta fi girma!" in ji Ilyasu, kafin ya kama bakinsa.

"Nan Baba ke salla in ya gama ban-ruwa," in ji ta. "Ni ke kawo mishi fura."

Mai unguwa ya karɓi kayen testama ya juya bayan shafi, ya rubuta iyaka da sunayen shaidu. Aka nemi hatimi, Ilyasu ya zaro nasa, aka buga. Aikin farko ke nan da hatimin ya yi, kuma ga Mai Tsari ya fito raɗau a ƙarƙashin sunan Tahira.

Da ya ga abin ya tabbata, sai mutumin ya fara farfaɗowa. Ya ɗauko turke da buroshi, ya gyara murya. "To, jama'a, kun dai ga yadda tsari ke aiki. Dama nan na nufa tun farko. Tahira, wane launi kike so a iyakarki? Akwai sauran kore, akwai shuɗi."

"Bar fentinka, Yaya."

Ta karɓi hauyar Baba Idirisa ta sara rami a kan iyakar. Sannan ta ɗauko sandan nan nata, ta kafa shi a ciki. Sai a lokacin na lura da 'yan idanun toho a jikinsa. Reshen zogale ne.

Ilyasu ya ce, "Ba na korar karnuka ba ne?"

"Duk shekara in zan zo wurinka sai in saro reshe, in ce yau zan dasa a garkar Baba. In ka ce bayan salla, sai in koma da shi Tsibiri in dasa bayan ɗakina, don kar shi bushe a banza." Ta tura ƙasa da hannu cikin ramin. "Shida ke can yanzu, duk sun girma. Ganyensu muke ci da yara in hatsi ya ƙare."

Ba wanda ya yi dariya. Fadila ta ja mayafi ta rufe fuska. Na dubi Ilyasu ina jiran ya ce shi ya taɓa dasa zogale dubu a yini guda. Shekara ashirin da biyar ina zaune da mutumin nan, ranar na fara ganin bakinsa a buɗe ba magana. Ya ajiye buroshi a ƙasa. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna cikin laka, ya riƙe mata reshen da hannu biyu tana danna ƙasa.

Da ta gama ta ce, "Yaya, ɗebo ruwa."

Ya waiga bai ga guga ba. Sai ya ɗauki gwangwanin farin fentin nan da ya juye masa, ya gangara kanal ya dirje shi da rairayi, ya ciko shi, ya kawo mata.